Iya da Kwanukan Ranar Wuya

Ƙiiii. Kukan ƙyauren kabad ɗin Iya ke nan, wanda duk mai shiga gidanmu a Agege ya sani. Ba wata ƙara ce ta a zo a gani ba, amma ranar sadakar uku da na ja ƙyauren nan, ɗaki da tsakar gida suka yi tsit. Masu jan carbi suka tsaya. Masu hirar tsadar shinkafa ƙasa-ƙasa suka haɗiye sauran maganar. Na sauko da babbar kwalla mai jan fure, na sauko da farantan tangaran masu bakin zinariya, na shiga zuba wa 'yan zaman makoki wainar sadaka a ciki.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Iya, mahaifiyar maigidana marigayi, kakar 'ya'yana, ta amsa kiran da ba a ce masa a dakata.

Mutane sun zo, kowa da irin tasa ta'aziyyar. Abokan sana'ar maigidana na Oko-Oba sun cika rumfar ƙofar gida. Maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da barkono ta zauna dirshan a bakin rijiya tana ta faɗin "Alhaja, Alhaja," ta ƙi tabarma, ta ƙi ruwa. Wani ɗan dako Basakkwace, wanda dangi ba su san shi ba, ya tsuguna can gefe da hularsa a hannu tun safe. Gwaggon yara kuwa, wato ƙanwar maigidana da ke aure a Abule Egba, tana ganin farantan ta miƙe.

"Maman yara, me kike yi haka? Kayan magada ne fa."

Na ce, "Na sani, Gwaggo. Ita ce ta ce ranar da ta tafi kada a zuba wa mutanenta abinci a roba."

Ta cije leɓe ta koma ta zauna. Da a nan aka tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Sai wata dattijuwa daga dangin mahaifin maigidana, wadda ta zo daga Arewa don gaisuwar, ta gyara mayafi ta ce, da murya irin wadda ake so kowa ya ji:

"Ƙyale ta, koyi ta yi. Ai haka marigayiyar ta yi ranar da aka kai ɗanta. Ana kuka tana jera tangaran. Ni ban taɓa ganin uwa mai busasshen ido irin nata ba. Allah dai Ya yafe mata."

Wasu suka ce amin. Wasu suka sunkuyar da kai. Autata, wadda ba ta wuce aji biyu a firamare ba, tana tsaye kusa da ni riƙe da murfin kwalla. Ta dubi dattijuwar, ta dube ni. Da yamma da mutane suka ragu ta ja ni gefe ta ce, "Umma, da gaske Iya ba ta son Abba?" Na ce mata kada in ƙara jin wannan magana a bakinta. Amma na san maganar ba ta je ko'ina ba, tana nan da ita a ciki.

Saboda wannan yarinya nake rubutun nan, da duk wanda ya ce amin a ranar.

A Agege aka haifi Iya. Kakanta fataucin goro ya kawo shi, mahaifinta ya gaji sana'ar, ita ma ta tashi a cikin ganyen goro da huhu. Gajeruwa ce, mai wushirya, idonta ba ya rabo da kwalli. Yarabanci a bakinta kamar ruwa, Hausarta ma sai ka ji gishirin Legas a ciki. Sau ɗaya aka kai ta Kano biki, ta dawo tana cewa mutanen kirki ne amma ba su iya burodi ba. Ni kuwa daga Zariya aka kawo ni, kuma tun ranar da na shigo gidan ta sa mini suna Amarya, ba ta sauke mini shi ba har na yi furfurar farko.

A inda na tashi, kayan jere na kallo ne. Uwa ta tara wa 'yarta, 'ya ta jera a kabad, a goge su ranar Juma'a, a nuna wa baƙi. Ba a ci a ciki. Na iske kabad ɗin Iya cike da irinsu, wasu na mahaifiyarta, wasu ta sayo a cikin Ikko tun tana budurwa, wasu tsarabar aikin Hajji. Na ɗauka ita ma haka take yi, sai ranar da aka rushe rumfunan bakin layin dogo.

A nan teburin goronta yake, tun kafin a haifi maigidana. Da hantsi ta shigo gida da faranti ɗaya a hannu da ƙarfen lema ba lemar, zanenta duk ƙasa. Labari ya riga ta isowa, har na tanadi kalmomin ba da haƙuri. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce:

"Amarya, akwai gari?"

"Akwai, Iya, amma babu sukari."

"Ƙuli fa?"

"Akwai kaɗan."

"To mu sarakai ne."

Ta wuce ɗaki. Ƙiiii. Ta fito da kwanon tangaran mafi kyau a kabad ɗin, ta ce in jiƙa garin a ciki.

Na ce, "Iya, kayan jere ne fa."

"Na sani, ai ni na jera su." Ta zauna ta miƙe ƙafa. "Ranar daɗi ba ta neman kwano mai fure, ita kanta fure ce. Ranar wuya ce ke so. Sun rushe tebur, ba su rushe mini baki ba. Kawo cokali."

Muna cikin sha maigidana ya shigo a guje daga Oko-Oba, inda yake sana'ar fatu, warin gishiri da kirgi na bin sa. Ya zo ne ya rarrashi uwarsa. Ya tarar da mu muna shan garin rogo a kwano mai bakin zinariya, ya tsaya baki buɗe. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma duban idonsa. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan ya nemo cokali. In ya tsaya kallo zai tarar an suɗe."

Daga ranar na gane tsarin gidan. Ranar Salla, ranar suna, ranar da aka yi ciniki mai kyau, a kwanukan kullum muke ci. Kabad ba ya buɗuwa sai abu ya ɓaci. Yara suka tashi da sanin cewa in sun ji ƙiiii, to wani abu ya faru, amma kuma wani abu mai daɗi na tafe, ko da ɗan wake ne da manja.

Kada wani ya ɗauka Iya ba ta ganin wahala. Ta fi kowa ganinta, ta kuma fi kowa faɗa. In rediyo ya kawo labarin ƙarin kuɗin mai, sai ta tsaya ta ba shi amsa kamar mai labarin na zaune a gabanta. Ba ta taɓa ce wa baƙi fari ba. Abin da ta ƙi shi ne a ce wahala ta shigo gida kuma a tashi a ba ta wurin zama mafi kyau. In wata ta zo tana mata wa'azin haƙuri da fuska a murtuke, sai ta ce, "Wanda ya ce ki yi haƙuri bai ce ki daina sa gishiri a miya ba."

Abubuwan da ke faranta mata ba su da tsada. Gefen burodi mai zafi, wanda ya ɗan ƙone, nata ne, ko jikokinta ba ta bar wa. In jirgin ƙasa ya taho gidan ya ɗauki rawa, kofuna na kaɗawa, sai ta ce, "Ga angon ƙarfe nan, ku ba shi hanya," ta ɗaga masa hannu ta taga kamar ya san ta. In an ɗauke wuta ana cikin kallo, yara na tsaki, sai ta ce, "Sun ɗauki tasu, sun bar mana ta Allah," ta ja tabarma zuwa ƙofar ɗaki inda iska ke bi. Wata rana ta dawo daga unguwa tana ta murmushi. Na tambaye ta ko an yi mata kyauta ne. Ta ce a'a, kwandastan motar danfo ne ya zage ta da Hausar koyo, ta rama da Yarabancin kakarsa, har fasinjoji suka tafa mata. "Na daɗe ban samu wanda ya iya faɗa ba, Amarya. Har na so in wuce tashata."

Ita da mai barkono ba sa wuni ba su yi cacar baki ba. Wannan ta ce Hausawa ba su san yaji ba, wannan ta ce Yarabawa sun mai da miya wutar Jahannama tun a duniya. Daga nan sai langa ta tsallaka katanga da tuwo, ta dawo da amala, tuwon Yarabawa.

Lokacin kullen korona unguwa ta mutu. Babu okada, babu danfo, babu talla. 'Yan dakon da ke zuwa kasuwar Mile 12 suka maƙale a barandar wani shago kusa da mu, ba aiki ba hanyar gida. Mu ma abin da ke cikin buhu ya kusa ƙasa. A wannan kwanakin kabad ɗin Iya bai huta ba. Kullum da safe sai ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura atamfar da ta fi so, ta zauna kamar mai jiran baƙi daga nesa. In na dafa fate ko dambu, sai ta ɗiba a kwanon tangaran mai murfi ta ce a miƙa wa mutanen baranda.

Babbansu, wannan Basakkwacen da ya zo ta'aziyya, ya dawo da kwanon bai taɓa ba. Ya tsaya daga zaure ya ce, "Hajiya, wanga kwano ya hi ƙarhina. A zuba muna ga leda."

Ta ce, "Leda ta shara ce. Kai shara ne?"

Ya koma da shi. Bayan kwana biyu kuwa abin da ya ji tsoro ya faru, murfin ya suɓuce masa ya tarwatse a bakin kwata. Ya tattaro gutsattsarin a hularsa, ya zo ya durƙusa, babban mutum da gemu. Kwanon kuwa na mahaifiyar Iya ne.

Iya ta leƙa cikin hular ta ce, "Tashi, Malam. Murfin nan ya girme ka. Tun kafin a haife ka yake zaune yana jiran a ba shi aiki. Ga shi ya mutu a bakin aiki, Allah Ya ba mu irin tasa. Gobe ka zo da wuri, faranti za mu kifa a kai."

Yanzu na zo kan ranar da dattijuwar nan ta ambata. Ba zan musa mata ba, abin da ta gani ya faru.

Ciwon 'yan kwanaki ne ya ɗauke maigidana. Mutum ya fita da ƙafarsa zuwa asibiti, aka dawo da shi a kwance. Da maza suka dawo daga maƙabarta, gida ya rikice da kuka, ni ban ma san inda nake ba. A cikin wannan hali na ji ƙiiii. Iya ta fito da farantanta, ta zuba wa waɗanda suka haƙa kabari da waɗanda suka ɗauki makara abinci da hannunta. Idonta a bushe, da kwallinsa. Kowa ya gani.

Na shiga takaba. Na daina ci, na daina magana, in yara sun shigo sai in juya wa bango fuska. Kullum da safe Iya za ta turo ƙofa da kunun gyaɗa a ƙaramin kofin tangaran, ta ajiye, ta fita. Da rana ta zo ta ɗauke shi yadda ta kawo. Ba ta taɓa ce mini in yi ado ba, ta san hukuncin takaba sarai. Kofin ne kawai ke ado a madadina. Wata safiya abin ya kai ni maƙura, na ture shi da bayan hannu, kunu ya malale a tabarma.

Na ce, "Iya, ɗanki ne fa. Ɗanki aka binne. Ke ba ki ji ba ne?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta duba bakinsa inda ya ɓantare, ta goge da gefen zane. Sannan ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba a ɗakina.

"Na riga ki saninsa, Amarya," ta ce. "An aiko a ɗauke shi, an ɗauke. Ban isa in hana ba, ban kuma yi jayayya da Mai aikowa ba. Amma ni 'yar kasuwa ce. Mutuwa ta karɓi abin da aka auna mata. Ke kuma kina so in ƙara mata gyara. In ba ta ke, in ba ta yaran nan, in ba ta ɗanɗanon bakina. To ba zan ƙara mata ko ƙwayar goro ba."

Ta tashi ta fita. Mun yi kwanaki ba ma haɗa ido. Kofin bai fasa zuwa ba, da ɓantararren bakinsa. Ranar da na sha, ta ɗauke kofinta ta fita. Na dai ji ta a tsakar gida tana tsokanar mai barkono da ƙarfi fiye da kullum.

Ga kuma abin da dattijuwar ba ta gani ba, don ba ita ke riƙe da ludayi a gidan nan ba. Duk Juma'a maigidana kan taho wa Iya da ganda daga Oko-Oba, mai kauri, wadda ya zaɓa da kansa. Ba ya miƙa mata, ni yake ba, ita ma ba ta godiya, sai dai ta ce, "Wancan ya iya zaɓe." Babu abin da take so a miya kamar ganda. Bayan rasuwarsa abokansa suka ci gaba da aiko mana. Na dafa, na zuba mata. Da na zo ɗauke kwano sai na ga babu, na ji daɗi. A karo na gaba na lura da hannunta: tana hira tana dariya, tana tsamo gandar ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a kwanon auta. "Ci, ƙawata, haƙorana sun tsufa." Haƙoran da ke fasa goro. Daga ranar da aka binne ɗanta har ranar da aka binne ta, ganda ba ta ƙara wuce maƙogwaronta ba. Ba ta faɗa ba, ni ma ban nuna na gani ba.

Ciwonta na ƙarshe bai ja ba. Ƙafa ta kumbura, jini ya hau. A asibiti ta ƙi shan kunu a kofinsu sai da aka ɗauko mata nata daga gida, ta kuma sa na zizara mata kwalli kafin likita ya zagayo, wai kada ya ɗauka ta sallama. Da ta ga jiki ya ƙi ta ce a mai da ita ɗakinta. A nan ta yi mini maganar roba. Wata safiya ta ci gefen burodinta, ta ce yau mai gashin ya kyauta, ta yi kalmar shahada tana maimaitawa, kafin azahar ta cika.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Malam ya yi bayani cewa jikokin da mahaifinsu ya riga kakarsu rasuwa ba su da rabo matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Na san haka tun a Islamiyya, ba ni da ja, hukuncin Allah ne. Ƙanin maigidana, Allah Ya saka masa, ya ce mu ci gaba da zama a ɗakunanmu. Kayan kabad suka faɗa rabon Gwaggo.

Ta shimfiɗa zane a tsakar ɗaki tana sauko da su ɗaya-ɗaya. Wannan ya ɓantare, wannan ya tsage, wannan fentinsa ya ɓare, wannan ba murfi. Tun tana tsaki har hawaye suka zubo mata.

"Ko ɗaya babu mai lafiya. Kayan da kakata ta bari ba ƙwarzane. Me zan nuna wa 'ya'yana?"

Na ɗauki wanda ya tsage na ce, "Wannan ranar rusau ne." Na nuna mara murfin. "Wannan na kulle ne." Na ɗauko ƙaramin kofin. "Wannan ni ce, ina takaba. Ki nuna musu haka."

Ta share ido ta ce, "Ke ba ki sani ba, Maman yara. Ni ma ranar da aka kai Yaya na ji haushinta, har yau ban huce ba. Bayan nan ma ta rage zuwa gidana. In ta ce tana tafe da safe sai la'asar. Kamar ba abin da ya dame ta da mu."

Na ce, "Gwaggo, motar Abule Egba ta ina take bi?"

"Ta Oko-Oba mana."

"To tun da aka binne shi ba ta ƙara bin hanyar wurin sana'arsa ba. Sai ta zagaya ta babban titi, mota biyu, da wannan ƙafar tata, a cikin cunkoso. In kwandasta ya ce ta Oko-Oba zai bi sai ta sauka. Na raka ta, na gani."

Gwaggo ta daɗe riƙe da faranti a cinya. Daga baya ta jawo tsofaffin jaridu ta ci gaba da naɗe kayan, a hankali yanzu. Aka sa su a kwali, aka kira masu ɗaukar kaya suka fitar da kabad ɗin. A bakin zaure na ce mata, "Ki ci a ciki, Gwaggo." Ta ce, "Sai dai mu gani." Ban san abin da ta yi ba, kuma nata ne.

Abin da ya rage a ɗakin Iya shi ne shatin kabad a bango, inda fenti ya fi haske. Wannan bai dame ni ba kamar auta. Tun ranar uku yarinyar nan ta ɗaure fuska. Ta daina 'yar gala-gala da yaran layi, ta daina waƙa a wurin wanka. Wata rana yayanta ya yi dariya a kan abinci, na ji ta ce masa, "An yi mana mutuwa, ba a dariya. In ka yi dariya ba ka son Iya." Lissafin da ta yi ke nan da ƙaramin kanta: wanda ya so mamaci ba ya sake fara'a, Iya ta yi fara'a, don haka Iya ba ta so Abba ba, ita kuwa ba za ta yi wa Iya haka ba. Magana ɗaya ta baƙuwa ta shigo gidan da rusau da kulle da mutuwa suka kasa ci, tana neman ta tafi da 'yar ƙaramarmu.

Na zaunar da ita ina mata kitso, na ba ta labarin gandar da ake jefa mata a kwano, da wanda ke kawo ta. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To me ya sa ba ta yi kuka ba?" Na ce wani kukan ba a ido yake fita ba. Fuskar nan dai ba ta saki ba.

Ke kuma Baba da kika yi maganar, in wannan rubutu ya iso gare ki, ina gaishe ki da girmamawa, amma ban karɓa ba. Kin zo kwana uku kin auna matar da na zauna da ita shekara da shekaru. Kin ga idonta, ba ki ga kwanonta ba. Kin roƙa mata yafiya a kan abin da nake fatan Allah Ya sa a mizaninta. Matar da ta ciyar da masu haƙa kabarin ɗanta a farantin da ta fi so, ta tashi matarsa daga kwance, ta hana marayunsa manta daɗin kunu, ba busasshen ido gare ta ba. Ta ƙi ba da gyara ne, mu ma kuma ba za mu bayar ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa. Ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da wancan da ba ta iya kiran sunansa, a inda babu kunya babu rabuwa. Ka shayar da ita a kofunan da Ka yi wa bayinKa alkawari. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

A makon jiya aka kwana ana ruwa. Kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, gari na wayewa ruwa ya shigo mana har ɗaki, baƙi, da ledoji da warinsa. Katifa ta jiƙe, littattafan yara suka jiƙe, rabin garin tuwon da nake lallaɓawa ya zama kunu a buhu. Babu wuta, babu Iya, babu abin da zan buɗe. Na tattare zane na ɗauki bokiti ina kwasa ina watsawa waje, ina ƙara kwasa kamar ba na yi. Hawaye suka fara zubo mini, na bar su, don hannuwana ba su da sarari.

Sai na ji wani sauti daga ɗakin Iya, kamar ana toshe baki. Na ɗauka kuka ne. Na taka ruwa na leƙa. Auta ce tsaye a kan gado, ta danne bakinta da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, yayyenta na bayanta su ma haka. Agwagwar maƙwabta ce ta biyo ruwa ta shigo, 'ya'yanta a jere a bayanta, tana zagaya ɗakin a natse tana leƙa ƙarƙashin gado kamar mai neman hayar ɗaki. Na ɗaga bokiti zan kore su. Auta ta sauke hannu, dariyar ta ƙwace mata gaba ɗaya, ta riƙo mini gefen zane.

"Umma, ko sallama fa ba su yi ba. Kar ki kore su tukuna, ba mu gama dariya ba."